Taron Masana A Abuja: Ina Kuɗin Mota, Ina Masauki?

Da wuya wata ya kama ya mutu ba a yi wani babban taron masana a Abuja ba. Yau likitoci, gobe injiniyoyi, jibi malaman jami'a masu nazarin falsafa da kimiyya. Sanarwa takan fito da manyan baƙaƙe, a jera sunan babban baƙo da shugaban taro da uban taro, a faɗi zauren da za a zauna da ranar buɗewa. Can ƙasa kuwa, da ƙananan baƙaƙe, sai a rubuta cewa bayan kuɗin rajista kowa shi zai ɗauki nauyin zuwansa da kwanansa. Wannan ɗan layi shi ne alƙalin da yake yanke wanda zai halarta da wanda zai zauna a gida, tun ba a karanta ƙasidar kowa ba.

Mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ko goro a Shagamu, ko shanu a Lokpanta, yana iya cewa ina ruwan biri da gada. To, da ruwansa. 'Ya'yan da aka haifa a Agege da Idi-Araba da unguwar Sabo ta Badun da Fatakwal sun girma, waɗansunsu suna neman digiri na biyu ko na uku, waɗansu ma sun zama ƙananan malamai a jami'o'in Kudu. A aikin jami'a kuwa ba a samun ƙarin girma sai da rubuce-rubuce da gabatar da ƙasidu a gaban masana. Wanda ba ya zuwa taro ba a san fuskarsa ba, ba a gyara masa kuskurensa, ba a kuma tunawa da shi ranar rabon gurbin karatu ko kuɗin bincike. Uban da ya sha wuyar biyan kuɗin makaranta shekara goma sha shida, bai kamata ɗansa ya tsaya a bakin ƙofa saboda kuɗin mota da ɗakin kwana uku ba.

MENE NE AMFANIN IRIN WANNAN TARO?

Falsafar kimiyya suna ne mai nauyi, amma tambayar da take yi kowane ɗan kasuwa ya san ta, watau ina hujja? Idan likita ya ce magani kaza yana warkarwa, a kan mutum nawa aka gwada shi, wa ya yi gwajin, kuma me za a gani da zai nuna an yi kuskure? Wajen shekara dubu da ta wuce Ibn al-Haisam ya zauna a Alƙahira ya rubuta littafinsa a kan haske da gani, ya nace cewa maganar magabata ma sai an gwada ta. A 1934 Karl Popper, haifaffen Ostiriya, ya kawo ra'ayin cewa duk maganar da babu wani gwaji da zai iya ƙaryata ta ba ta shiga sahun kimiyya ba. A 1962 kuma Thomas Kuhn na Amurka ya nuna cewa masana ma mutane ne, sukan riƙe tsohon ra'ayi gam har sai matsalolin da ya kasa warwarewa sun taru sun yi masa yawa. Duk wanda ya shiga jami'a a ƙasar nan a shekarun baya zai tuna da darasin Tarihi da Falsafar Kimiyya da ake bai wa sababbin ɗalibai.

Arewa ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan tambaya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan, aka sa yara wajen 200 cikin gwajin, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano na kusan shekara guda saboda zargin cewa an gurɓata maganin, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka zuwa waɗansu ƙasashe, ba a kuwa tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar ba sai a watan Agusta na 2020. Yanzu ga gardama ta taso a kan irin shuka da aka sauya wa halitta, kamar waken da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019 da masarar TELA da aka amince da ita a 2024. Manomin da zai shuka da ɗan kasuwar da zai kawo buhun Kudu duk suna son sanin wa za su gaskata.

Waɗannan su ne abubuwan da ake tattaunawa a irin wannan taro. In kuwa za a zauna a Abuja a yi ta muhawara a kan dalilin da ya sa jama'a ba su yarda da masana ba, alhali babu kowa a zauren da ya taso cikin jama'ar, yana jin harshensu, ya san abin da ya ba su tsoro, to an yi taron ne kawai don a ce an yi.

HANYA DA MASAUKI

Ran 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammad ya sanar da cewa za a gina sabon babban birni, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Babbar hujjar da aka bayar ita ce wurin yana tsakiyar ƙasa, na kowa ne, kowa zai iya isa gare shi. Ran 12 ga Disamba, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tare daga Ikko. A wannan shekara ce aka gina babban zauren taro na ƙasa da ƙasa domin taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, zauren da aka sake gyarawa a 2025. A kan taswira lalle Abuja tana tsakiya. A aljihun ƙaramin malami kuwa tana da nisa ƙwarai.

A ɗauki misalin saurayin da aka karɓi ƙasidarsa, yana zaune a Ikko. Tsakaninsa da Abuja ya fi kilomita 700 ta Badun da Akure da Okene da Lokoja, tafiyar yini guda cur in hanya ta yi kyau. Kafin ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa, kuɗin mota kuwa ya bi ta. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a Yuli na 2024 naira 70,000 ne, kuɗin jirgin sama na zuwa da komowa kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Ko da kuɗin a hannu, hanya tana da nata halin. A 2012 da 2022 ambaliya ta yanke hanyar Lokoja zuwa Abuja wajen Koton Karfe, matafiya suka yi kwanaki a cikin mota. A 2017 an rufe filin jirgin saman Abuja mako shida don gyara, aka karkata jirage zuwa Kaduna. Masu zuwa daga Arewa kuma ba za su manta da harin da aka kai wa jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris, 2022 ba, wanda ya tsayar da zirga-zirga har watan Disamba.

In ya iso lafiya, sai maganar kwana. Ana yin taron ne a Maitama ko Asokoro ko tsakiyar birni, inda kuɗin ɗakin otal na dare ɗaya kan iya cinye guzurinsa duka. Dole ya nemi Nyanya ko Kubwa ko Zuba, ko ma ya tsallaka Mararaba ta Jihar Nasarawa ko Suleja ta Jihar Neja. Wanda ya taɓa bin hanyar Nyanya da safe ya san cunkoson da ake yi, mutum ya fito da asuba amma ya iso an riga an kira sunansa an wuce. Tun 2006 an hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birni, ƙananan motocin haya kuwa baƙo bai san na kirki da na 'yan wan-cans masu yi wa fasinja fashi ba. Da yamma, lokacin da manyan malamai suke zaune suna shan shayi suna fira, watau lokacin da ake sanin juna a ƙulla zumuncin aiki, shi yana tsaye a bakin titi yana neman motar komawa kafin dare. Ya biya kuɗin taro cif, amma rabin amfanin ya wuce shi.

Mace kuwa nata ya fi haka. Iyaye ko maigida ba za su yarda ta kwana inda ba a sani ba, in tana da goyo kuma sai ta tafi da mai reno, kuɗi ya ninka.

Gaskiya ne akwai asusun TETFund, wanda aka kafa da dokar 2011 a madadin tsohon asusun harajin ilmi na 1993, kuma yana da kason da yake bayarwa don halartar taro. Wannan abin yabo ne. Sai dai kason na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, ta hannun makarantunsu yake bi, masu nema kuma sun fi abin da ake da shi yawa. Ɗalibin digiri na biyu da ba ma'aikaci ba, da malamin wucin gadi, da mai koyarwa a makarantar kuɗi, duk ba su cikin lissafi. Su ne kuwa suka fi bukatar a ji muryarsu.

Abin da yake faruwa ga ɗan Agege a Abuja shi yake faruwa ga ɗan Afirka a duniya. Babban taron duniya na masana mantiƙi da falsafar kimiyya an fara shi ne a Stanford ta Amurka a 1960, ana kuwa yin sa kusan duk shekara huɗu. An yi a Mosko a 1987, da Beijin a 2007, da Helsinki a 2015, da Buenos Aires a 2023, amma har yanzu ba a taɓa yin sa a wani birni na Afirka ba. Malamin Nijeriya da yake kukan biza da kuɗin jirgi sun hana shi zuwa Turai, ya kamata in ya zama shi ne mai shirya taro a gida ya tuna da wanda kuɗin mota ya hana shi zuwa Abuja.

DARASI DAGA MAGABATA

Tafiya neman ilmi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu al-Kashnawi, mutumin Katsina, masanin lissafi da taurari, ya tashi zuwa aikin haji wajen 1730, daga baya ya zauna a Alƙahira, inda ya yi rubutu a kan hanyoyin tsara hatimin lissafi wanda har yau masana tarihin lissafi suke ambatonsa. A can ya rasu a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Abin lura a nan shi ne Bakatsinen bai sauka a otal ba, malami ɗan'uwansa ne ya ba shi ɗaki da abinci da littattafai. Da bai sami wannan masauki ba, wa ya san ko aikinsa zai kai ga mutanen yau?

Hausawa mazauna Kudu ma ba sai an koya musu wannan ba, domin a kansa kasuwancinsu ya tsaya. Tun da aka kafa Sabo a Badun a 1916, falke yakan taso da shanu daga Arewa bai san kowa ba, ya sauka a gidan maigida, a ba shi wurin kwana da tuwo, a haɗa shi da dillali, maigida ya tsaya masa lamuni har ya karɓi kuɗinsa ya sayi goro ya koma. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960 yana nazarin wannan tsari, littafinsa ya fito a 1969, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Jama'ar da ta iya saukar da baƙon shanu da baƙon goro daga Sakkwato har bakin teku, ba tare da sisin gwamnati ba, ba za ta kasa saukar da baƙon ilmi kwana uku ba. Abin da ya rage kawai shi ne a ɗauki ɗalibi da daraja irin ta falke.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, masu shirya taro su daina ɗaukar kuɗin mota da masauki tamkar al'amarin da bai shafe su ba. A fitar da sanarwa aƙalla wata shida kafin rana, a ba da amsar karɓar ƙasida da wuri don mutum ya sami damar neman taimako. Kuɗin rajista a yi shi hawa-hawa, shaihun malami ya biya gwargwadon girmansa, ƙaramin malami ya biya nasa, ɗalibi kuma a yafe masa ko a karɓi ɗan abin da ba zai dame shi ba. Kuɗin da ake kashewa wajen jakunkuna da allunan girmamawa da liyafar babban baƙon da zai karanta jawabi ya tashi kafin a fara aiki, zai iya ɗauke nauyin zuwan ɗalibai da dama.

Na biyu, a sake duba wurin taro. Ba dole ba ne sai otal. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, tana da zauruka a Gwagwalada da kuma mazauninta na hanyar filin jirgi, ga kuma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Kwali. Gwagwalada da Kwali duk a kan hanyar Lokoja suke, watau mai zuwa daga Kudu zai riske su tun bai shiga birni ba, mai zuwa daga Arewa kuma ta Zuba zai sauko. In aka sa taro lokacin hutu, aka buɗe ɗakunan kwanan ɗalibai a kan kuɗi kaɗan, kowa zai kwana kusa da zaure, manya da ƙanana su ci abinci wuri guda. In kuwa lalle sai cikin birni, to a tanadi mota da za ta riƙa ɗaukar baƙi daga tashar Utako da Jabi da tashar jirgin ƙasa ta Idu, a kuma gaya musu cewa jirgin ƙasa na cikin birni da aka sake buɗewa a Mayu na 2024 yana haɗa filin jirgin sama da Idu da tsakiyar gari.

Na uku, a duba kalanda. A guji watannin Satumba da Oktoba da kogin Kwara da Binuwai suke cika, a guji azumi da bukukuwan Salla da Kirsimeti da kuɗin mota yake tashi. A bar lokacin sallar Juma'a da na zuwa coci, a kuma rufe taro da hantsi ko a bar mutane su kwana su yi sammako, don kada a tilasta wa kowa tafiyar dare. A keɓe masauki mai tsaro ga mata da masu goyo. Wanda bai sami zuwa ba a ba shi dama ya gabatar ta intanet, ko da yake zuwa da kai ya fi aike. Bayan an tashi kuma a taƙaita abin da aka tattauna cikin Hausa da Yarbanci da Ibo a ba gidajen rediyo, domin jama'ar da ake magana a kanta ta ji abin da aka ce.

Na huɗu ya rataya ne a wuyan jama'ar Arewa mazauna Kudu. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin direbobi da na matasa suna tara kuɗi don gina masallaci da biyan belin wanda aka kama da kai gawa gida, kuma duk wannan daidai ne. A ƙara da ɗan asusu na masu neman ilmi. Ba abu ne mai yawa ba, kuɗin mota ne da rajista na mutum biyu ko uku a shekara daga kowace unguwa. A sa amintattun mutane su riƙe shi, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kada a ba kowa sai ya nuna takardar da ta tabbatar an karɓi ƙasidarsa. A kuma gindaya masa sharaɗi guda, watau in ya dawo ya tsaya gaban jama'a a ƙofar Sarki ko bayan sallar Juma'a ya bayyana da Hausa abin da ya faɗa da abin da ya jiyo. Wanda ya iya bayyana wa mahauci da mai shayi ra'ayin Popper har suka gane, lalle ya fahimci karatunsa. 'Yan Arewa da Allah ya ba gidaje a Abuja kuwa, ma'aikata da 'yan kasuwa, ɗakin baƙi ɗaya na kwana uku ba zai rage su da komai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na ƙarshe ga shi saurayin ko budurwar da za su yi tafiyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. A tura taƙaitaccen bayanin ƙasida kafin wa'adi, a bincika ko ƙungiya ce ta gaskiya ta kira taron, domin akwai masu kiran taron bogi su karɓi kuɗi su ba da takardar da ba ta da daraja. A rubuta wa masu shiri a nemi rangwame ba tare da jin kunya ba, mai nema yana tare da samu. A haɗu mutum biyu ko uku a raba kuɗin ɗaki, a shiga mota a tasha, a yi tafiyar rana, a iso kwana ɗaya kafin buɗewa, a riƙe katin shaida da ƙasida a takarda ko da wuta za ta ɗauke. A kuma tsaya har ƙarshe, a yi tambaya, a gaisa da manya a karɓi adireshinsu.

An gina Abuja da dukiyar ƙasa baki ɗaya, da alkawarin cewa ba wanda zai zama baƙo a cikinta. Muddin zauren ilmi a birnin yana buɗe ne ga mai kuɗin jirgi da otal kaɗai, ba a cika wannan alkawari ba. Hukuma tana da nata aikin, masu shirya taro suna da nasu, amma jama'a ba sai sun jira kowa ba kafin su biya wa ɗansu kuɗin mota. Allah ya sa masu abin hannu da masu faɗa a ji su duba wannan al'amari da idon basira, amin.